Shiru-shiru na Ofishin Koke-koke

A gidansu Shiru-shiru ake ce masa, sunan kuma ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har ya tsufa da shi. Ba rashin abin faɗa ne ya sa shi shiru ba. In'ina gare shi tun yana ƙarami, irin mai tsananin nan da kalma za ta zo bakin mutum ta toge, ya runtse ido, jijiyar wuya ta tashi, mai sauraro ya rasa inda zai sa idonsa.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne. Yana da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai sayar da takalma da mai ɗaukar hoto, shagon da in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Innarsa kuwa mace ce mai hanzari a komai, kuma tausayi ba ya barinta ta ga ɗanta yana fama. Da ya ce, "Inna, zan..." sai ta tare shi: "Za ka sha ruwa? Za ka fita? Cikinka ke ciwo?" Sau da yawa ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa don dai a wuce wurin. Baba ne kaɗai bai taɓa ƙarasa masa magana ba. Sai ya cire gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya ajiye ɗan hantsakinsa a kan tebur, ya zauna yana jira kamar ba shi da wani aiki a duniya.

A shagon nan ya fara karatu na ganin dama. Kowane sabon agogo yana zuwa da 'yar takarda a naɗe cikin kwalinsa, da Turanci ƙanana-ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ya karance su tas, ya koma kan tsofaffin jaridun da mai takalma yake naɗe kaya da su. Abin da ya gano shi ne a kan takarda kalma ba ta toge masa. Duk abin da ya kasa fitarwa da baki, in ya riƙe biro sai ya zubo sumul. Kafin ya gama sakandare malamai sun saba karanta wa aji rubutunsa, shi kuma yana can baya ya sunkuyar da kai.

Da lokacin shiga jami'a ya zo, ya cike takarda ya rubuta Turanci yake son karantawa. Maganar ta kai kunnen Kawu, ƙanen Inna, direban babbar mota wanda a ganinsa babu abin da bai sani ba tun da babu inda bai je ba. Ya iso gidan da yamma, ko zama bai gama yi ba ya fara.

"Turanci? Kai da Hausar ma sai an tura ta kamar motar da batirinta ya mutu? Ka ji ni da kyau, ɗana, masu Turanci da baki suke cin abinci. Malamin makaranta, ɗan jarida, mai karanta labarai. Ka nemi abin da za a rufe ka a ɗaki da kwalabe, ba ruwanka da kowa."

Inna ta ce, "Gaskiya ya faɗa maka. Ni tsoron da nake ji kada a je a yi ta maka dariya."

Shiru-shiru ya buɗe baki. Kalmar farko ta tsaya. Inna ta motsa za ta taimaka, Baba ya ɗaga mata hannu kaɗan.

"Ka-kawu," ya ce da ƙyar, "ba ma-magana kaɗai ake yi da harshe ba. A-ana rubuta shi."

Wannan 'yar maganar ta ci kusan minti guda. Baba ya dubi Kawu, ya dubi Inna, ya ce, "Ya gama. Kun dai ji."

Abin da Inna take tsoro ya faru a shekararsa ta farko. Akwai kwas ɗin da dole kowane ɗalibi ya tsaya gaban aji ya yi bayanin minti goma a kan littafin da aka karanta. Ya rubuta shafi shida, ya haddace su, ya tashi. Minti goman suka ƙare bai fita daga sakin layi na farko ba. Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Ya koma ya zauna, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta tunanin motar da zai hau ya koma gida.

Malamar kwas ɗin wata gajeruwar dattijuwa ce da ɗalibai suke kira Malama Waƙafi, saboda waƙafi ɗaya in ka sa shi inda bai dace ba sai ta yi maka laccar rabin awa. Ta aika aka kira shi ofishinta. Littattafai sun cike ɗakin har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe wasu ya riƙe a cinya sannan ya sami wurin zama.

"Na karanta takardar da ka kasa karanta mana," ta ce. "Ta fi ta kowa. Amma shafi shida ce. Je ka mayar da ita shafi ɗaya, kada komai ya zube."

Ya kawo bayan mako guda. Ta karanta, ta miƙo masa. "Layi biyar."

Ya dube ta, ya ɗauka wasa take yi. Ba ta yi murmushi ba.

"Kai magana tana maka tsada," ta ce. "Ya kamata ka fi duk waɗancan masu surutun sanin kalmar da ba ta da aikin yi. Kuma kafin ka ɗora biro ka riƙa tambayar kanka: wa zai karanta wannan? A zaune yake ko a tsaye? Fushi yake yi ko tsoro yake ji?"

Ba ta ɗauke masa tsayuwa gaban aji ba, ko sau ɗaya. Da ƙyar ya tsallake wannan kwas ɗin, da makin da ba a nuna wa mutane. Amma shekara huɗu ta yi tana ba shi dogon rubutu yana gajartawa, tana ba shi mai sarƙaƙiya yana warwarewa. Ya karanta littattafan da suka fi bulo nauyi, ya koyi yadda ake bin magana a gano abin da mai ita yake nufi da abin da yake ɓoyewa. Har wasan kwaikwayon sashensu ya shiga, don an gano in raɗa yake yi harshensa ba ya sarƙewa. Sai aka ba shi aikin ɓuya a bayan labule yana tuna wa 'yan wasa abin da suka manta. Ranar da ya karɓi digirinsa, Baba ya rufe shago yini guda cur, abin da maƙwabta suka ce ba su taɓa gani ba.

Daga nan sai shekara biyu masu wuya. Ya je gidan rediyo, mutumin da ya yi masa intabiyu ya tausaya masa har ya sa aka kawo masa ruwan sanyi. Ya je wata makaranta aka ba shi aji na gwaji, kafin ya kai ƙofar fita yana jin yara suna kwaikwayonsa. Ya dawo shagon Baba yana sa wa agoguna batir. Kawu bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba, wannan kuma ya fi masa ciwo a kan a ce ya faɗa.

Kawun ne kuma ya shigo wata ranar Laraba da jarida a hammata, ya buɗe ta a kan teburin gilashi, ya danna yatsa a kan wata sanarwa. Kamfanin ruwa yana neman ma'aikaci a ofishin koke-koke.

"An karanta mini a tasha," ya ce. "Jarrabawar rubutu aka ce. Na sa an maimaita mini sau biyu, babu inda aka ce magana. Tashi ka nemi rigarka mai kyau."

Su arba'in suka zauna jarrabawar. Aka raba wa kowa kwafin wasiƙar wani mutum da ya kwana goma babu ruwa, aka ce a ba shi amsa cikin rabin awa. Wasu suka cika shafi biyu da manyan kalmomi. Shi layi tara ya rubuta. Da aka kira shi gaban Manaja, aka tambayi sunansa, sunan ma ya ƙi fita. Manaja ya bar kallonsa ya koma kallon takardar.

"Kai ka rubuta wannan?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka zo ranar Litinin."

Ofishin koke-koke wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala. In masu takalma masu ƙarfi suna hawa sai ƙura ta riƙa zubo masa a kan tebur. Akwai fanka mai kuka, da tafireta, da kwalaye bakwai cike da wasiƙun da ba a taɓa buɗewa ba. Wanda ya riƙe wurin kafin shi amsa ɗaya yake aika wa kowa, ko bututu ne ya fashe, ko ruwan ne ya zo ja: an sami takardarka, ana duba lamarin.

Shiru-shiru ya zazzage kwalayen ya karanta wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, ya jera su layi-layi, unguwa-unguwa. Nan ya ga ba zai iya amsa ko ɗaya da gaskiya ba, don bai san me ya sa ruwa yake zuwa wani gida ya tsallake na kusa da shi ba. Sai ya sauka bayan ginin, inda masu gyaran bututu suke tara kayansu, ya nemi shugabansu, wanda kowa yake kira Heluma. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai ƙaton ciki da muryar da ake ji daga titi, bai taɓa shiga aji ba, amma ya san duk bututun da ke ƙarƙashin garin kamar shi ya haife su.

Heluma ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗan boko, me kake nema a cikin taɓo? Takalminka zai lalace."

Sai kawai ya hau bayan motarsu ya zauna a kan bututu. Kafin sati ya zagayo Heluma ya gane ya tsinci abin da ya daɗe yana nema, wato mai sauraron da ba ya katse shi. Ya nuna masa bawul, wato makunnin da ake murɗawa a buɗe wa layi ruwa ko a rufe. Ya nuna masa dalilin da ya sa gidajen kan tudu suke shan wahala, da yadda ake sa kunne a ƙasa a ji yoyo. Shiru-shiru yana rubutawa a ɗan littafinsa, in ya koma ofis ya zauna gaban tafireta.

Wanda ya rubuto da Turanci ya amsa masa da Turanci, wanda ya rubuto da Hausa ya amsa masa da Hausa, ya kuma yi mamakin ganin horon Malama Waƙafi yana aiki a duka biyun. Yana gaya wa mutum abin da ya lalace, da ranar da za a zo, in kuma ba za a zo ba ya faɗa masa gaskiya da dalili. Shekarun da ya yi yana karanta mutanen cikin littattafai ma ba su tafi a banza ba. Ya iya jin abin da ke ƙarƙashin wasiƙa. Wanda ya fi kowa zagi, in ka karanta a hankali, sau da yawa za ka tarar yana da tsohuwa kwance a gida ne ba ruwan da zai wanke mata zane. Irin wannan wasiƙar yakan kai wa Heluma da hannunsa.

A shekararsa ta uku wata wasiƙa ta zo daga ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan tashar mota. Shafi huɗu ce da Turanci, an danna biron har ya huda takardar a wuri biyu. Ungozomar da ke kula da wurin ce ta rubuto, ta ce kwana uku a mako famfonsu iska kawai yake fitarwa. Ya zauna ya tsara mata amsa mai ladabi, shi da kansa ya ji daɗin yadda ta fito. Bayan kwana huɗu takardarsa ta dawo masa a cikin sabuwar ambulan. An juya bayanta an rubuta da Hausa da manyan baƙaƙe: "Turancinka ya yi kyau. Sai dai ba a wanke jariri da Turanci."

Ya karanta sau uku. Kunya ta kama shi, sannan dariya, sannan kunyar ta dawo. Ya ɗauki takardar ya nufi bayan gini.

"Wannan layin?" in ji Heluma. "Bututun ya girme ka. Tsatsa ta cinye cikinsa, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Shekara uku ina faɗa a sama har muryata ta dishe. Injiniyoyi ma sun rubuta rahoto, shafi arba'in, yana can ana ɗora masa kofin shayi."

Shiru-shiru ya nemo rahoton ya karanta. Komai yana ciki, sai dai an binne shi. Ya je asibitin da kansa lokacin da ungozomar ba ta nan, ya ga jarkoki jere a baranda da 'yan uwan masu haihuwa suna ɗauko ruwa daga nesa. Ya dawo ya rubuta wa Babban Injiniya shafi ɗaya. Layin farko ya faɗi jarirai nawa aka haifa a wurin a watan da ya wuce, na biyu ya faɗi kwana nawa aka yi da ruwa a cikin watan. Sauran ya faɗi abin da za a canja, da tsawonsa, da kwanakin da aikin zai ci in an ba Heluma mutum shida. Babban Injiniya ya karanta a tsaye, a bakin ƙofar ofishinsa, ya sa hannu kafin ya zauna.

Mako biyu da gama aikin, wata doguwar mace cikin fararen kaya ta leƙo ɗakin ƙarƙashin matakala.

"Ina jami'in koke-koken? Ni ce Sistar asibitin bayan tasha. Na zo in ga mai daɗin bakin nan da idona."

Ya miƙe. "Sa-sa-sa..."

"Sabon zuwa ne kai? To ina mai wurin?"

"A'a, sa-sa..."

"Sai anjima zai dawo? In jira?"

Ya jawo takarda ya rubuta ya miƙa mata: "Ni ne. Sannu da zuwa nake son cewa. Sista, ki bari in gama."

Ta karanta, ta dubi rubutun, ta gane hannun. Ta rufe baki da tafinta, dariya da kunya suka haɗe mata. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"To, Malam, gama. Yau ba ni da mai naƙuda."

Godiyar minti biyar ta zo yi, ta yi awa guda. Ta sake dawowa da koke a kan famfon wata maƙwabciyarta, sannan da wani koken da shi kansa ya san ƙirƙirarsa ta yi. Shekara ba ta cika ba suka yi aure. Ba za a ce ta daina ƙarasa masa magana ba, don har yau tana yi, kuma rabi ba ta dacewa. Ita da Inna suka haɗa kai, in suka sa shi a tsakiya sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku-ku gama, in ya so ku gaya mini abin da na ce." Amma in maganar mai nauyi ce, Sista takan ajiye abin da ke hannunta ta zauna.

Shafi ɗayan nan shi ya canja masa aiki. Babban Injiniya ya ba da umarni duk takardar da za ta fita daga kamfanin ta bi ta teburinsa. Rahoton shekara, wasiƙu zuwa ma'aikatu, sanarwar ɗauke ruwa, duk shi. Wata safiya yana shagon Baba sai ga sanarwar da ya rubuta ana karantawa a gidan rediyon nan da aka taɓa ba shi ruwan sanyi. Baba ya ƙure muryar rediyon, ya leƙa waje ya kira mai takalma da mai hoto.

"Ku zo ku ji. Wannan maganar ɗana ce, aron baki kawai aka yi."

Da kamfanin ya nemi tallafin sabbin injunan tura ruwa daga wata hukuma ta ƙasar waje, injiniyoyi suka kawo zane-zane da alƙaluma, shi ya mayar da su magana. Wata takwas ana musayar wasiƙu, duk tambayar da aka aiko ya amsa ta daidai girmanta. Ranar da injunan suka iso aka hau da shi bene, aka ba shi ofis mai taga da ma'aikata biyar a ƙarƙashinsa. Tafireta ta tafi, kwamfuta ta zo, ya koye ta da yatsa biyu. An taɓa yi masa tayin zama kakakin kamfani, ya yi dariya har da hawaye. Ya zaɓo wata matashiya mai murya garau daga cikin ma'aikatansa, ita ma Turanci ta karanta, ya riƙa horar da ita har ta kai ba ta buƙatar takardarsa.

Abokan karatunsa sun watsu wurare iri-iri. Akwai editan jarida, akwai wadda ta koma ta yi karatun lauya, akwai mai fassara a kotu, wanda ya fara yi masa dariya a aji kuwa shugaban makaranta ya zama, kuma shi Shiru-shiru yake kawo wa jawabinsa na ƙarshen shekara ya duba masa. Ba duka ne suka ji daɗi ba, wasu sun daɗe suna yawo da takardu kamar yadda ya yi. Amma in matasa suka tambaye shi ko karatun yana da amfani, yakan ce bai taɓa shiga ma'aikatar da ba ta cike da mutanen da suka san aikinsu sarai amma suka kasa bayyana shi ba.

Idon Baba ya yi rauni a ƙarshen rayuwarsa, ya bar shagon. Kowace Asabar da hantsi Shiru-shiru yakan je ya karanta masa jarida, yana juya ta Hausa. Da farko da raɗa yake yi don ya tafi sumul. Baba ya girgiza kai.

"Ɗaga murya. Muryarka nake son ji, ba ta jarida ba. Ba inda za ni."

Haka suka yi shekara biyu, shafi ɗaya yana cin su awa guda, har Allah ya karɓi abinsa.

Ya yi shekara talatin da biyu a kamfanin sannan ya ajiye aiki. Ya ɗauka zai huta. Wata uku da zamansa a gida sai ga Heluma a ƙofa, ya rame, yana dogara sanda, amma muryar tana nan.

"Ɗan boko, tashi. Jiya yaran nan sun haƙa rami uku suna neman bawul ɗin da ni na san inda yake. Taswirarsu ba ta da rabin abin da ke ƙasa. In na mutu, da ni za a binne ruwan garin nan. Ni zan faɗa, kai ka rubuta."

Sista ce take kai su a mota kowace safiya, ta ajiye su a bakin layi, ta ce ƙarfe sha ɗaya za ta dawo, kuma kada wanda ya ce mata bai sha maganinsa ba. Heluma yakan tsaya ya dubi gine-ginen da suka canja, ya tuno bishiyar da aka sare, ya buga sandarsa a ƙasa.

"A nan yake. Rubuta, kusa da kwalbati."

"Ku-kusa nawa?"

"Kusa dai! Kai komai sai ka ƙure mutum."

"Wanda zai ka-karanta yana tsaye a rana da diga a hannu. Ta-taku nawa?"

Sai Heluma ya yi tsaki, ya koma bakin kwalbatin ya taka yana ƙirgawa da ƙarfi, masu shaguna suna kallon tsofaffi biyu suna musu a kan ƙasar da ba komai a kanta.

Wata goma sha huɗu suka yi. Littafin ya fito shafi casa'in, kowane shafi Turanci a hagu, Hausa a dama, kamfanin ya buga ya raba wa kowace motar gyara. Shiru-shiru ya dage sai da aka sa sunan Heluma a sama, nasa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ranar da aka kawo musu kwafin farko suna zaune a barandar gidan Shiru-shiru. Heluma ya karɓa ya juya shi, ya shafa bangon, ya sa aka ɗora masa yatsa a kan sunansa. Ya bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sista ta kawo musu shayi ta koma ciki.

Can sai Heluma ya share ido da gefen hannun riga, ya gyara murya.

"Akwai guda ɗaya a bayan tsohon gidan waya. Ba mu sa shi ba."

"Mu-mun sa."

"Wancan na gabas ne. Akwai na yamma, ni na binne shi da hannuna."

Shiru-shiru ya dube shi, ya dubi littafin da aka riga aka buga aka raba. Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya.

"Sista! Go-gobe da safe..."

"Na ji," ta amsa daga ciki. "Ƙarfe takwas. Ku sa huluna, rana ake yi."